Mai mudu da mai gona: abin da yawan ambato ke faɗa game da masanin taurari

Ɗan ƙanwata yana ajin ƙarshe a sashen falaki na wata jami'a a nan Jidda, yana neman inda zai je digiri na biyu. Daren Juma'ar da ta wuce ya same ni a gida bayan Isha, waya a hannu, ya buɗe mini shafuka biyu. Malamai biyu ne a ƙasashen waje, namiji da mace, dukansu suna nazarin yadda ake haihuwar taurari, dukansu sun nuna alamar za su karɓi ɗalibi. A ƙarƙashin sunan kowannensu akwai adadin sau nawa wasu masana suka ambaci ayyukansa, kuma na namijin ya ninka na macen sau da yawa.

"Kawu, ai wannan ba sai an yi shawara ba, ko?"

Na ce masa ya ajiye wayar a sha shayi tukuna. Na yi shekaru ina aiki a sashen mujallun kimiyya na wani ɗakin karatu, na ga yadda wannan adadin ya tashi daga abin da mu ma'aikata muke dubawa don sanin mujallar da za a saya, ya koma abin da ake ɗaukar malami aiki da shi, a ƙara masa girma da shi, a yi wa jami'a matsayi da shi. Yana faɗin gaskiya game da wani abu. Matsalar ita ce yawancin masu dubansa ba su san game da mene ne ba.

Wanda ya taɓa zama a halƙar karatu a Harami ba zai sha wahalar gane ambato ba, domin ɗan'uwan isnadi ne. Masani ya rubuta maƙala, duk inda ya dogara da aikin wani sai ya ce wane ne ya faɗa, a wace shekara, a wace mujalla. Eugene Garfield a Amurka ne ya fara tattara waɗannan ambatoce-ambatocen cikin kundi guda a 1964, ta yadda za ka ɗauki maƙala ka ga duk waɗanda suka zo bayanta suka jingina da ita. Masana taurari sun fi kowa gata a nan: tun farkon shekarun 1990 suna da rumbun maƙalu na intanet mai suna ADS, wanda hukumar NASA ke ɗaukar nauyi, kyauta ga kowa, kuma kusan duk sabuwar maƙala tana hawa arXiv, shafin da masana ke sakin rubutunsu kyauta, kafin ma mujalla ta buga ta. Sai dai malaman hadisi ba su tsaya ga ƙirga maruwaita ba, sai sun bi su ɗaya bayan ɗaya sun san wa ya ji daga wa, wa ke da kyakkyawar hadda, wa ke kwafa ba tare da ya ji ba. Wannan rabin aikin ne adadin da ke wayar yaron ya tsallake.

Kafin a gane dalilin da ya sa ake ambaton wasu sunaye dubban sau a wannan fanni, sai an san abin da fannin yake nema.

Tauraro yana farawa ne a cikin gajimaren gas da ƙura mai tsananin sanyi, kusan digiri 263 ƙasa da sifili, mafi yawansa haidirojin. Idan wani yanki na gajimaren ya yi nauyin da ɗumin cikinsa ya kasa tallafe shi, sai ya fara ruftawa cikin kansa, tsakiyar tana matsewa tana ƙara zafi, har ta kai miliyoyin digiri, haidirojin ya fara haɗewa yana komawa hiliyom. Daga nan an samu tauraro. James Jeans na Ingila ya yi lissafin iyakar wannan nauyin tun 1902. Kuma ba ɗaya-ɗaya ake haifar su ba, gida-gida ne. Kaza da 'Ya'yanta, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira Surayya, 'yan ciki ɗaya ne masu shekara wajen miliyan 100, nisansu tafiyar haske ta kimanin shekara 440. Kakanninmu sun dace da suna, illa dai kazar, wato gajimaren da ya haife su, ta daɗe da watsewa, 'ya'yan ne suka rage. Wanda ke son ganin inda ake kan haihuwa yanzu, ya fita bayan gari da sanyin hunturu ya dubi ƙasan taurarin nan uku da ke jere a ƙugun Jabbar, rukunin taurarin da Turawa ke kira Orion. Akwai ɗan hazo-hazo a wurin, tafiyar haske ta kusan shekara 1,350 daga nan.

Haidirojin mai sanyi haka ba ya fitar da hasken da za a gan shi da shi, don haka ake bin sawun wata iska da ke cakuɗe da shi, kabon monoksaid, wadda muka sani da kashe mutane idan an kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. A 1970 aka fara gano ta a sararin samaniya, a cikin wancan hazon na Jabbar. Da aka auna yawan gas ɗin sai tambaya ta taso wadda har yau ba a gama da ita ba. Majarrarmu, wato babban garken taurarin da Rana take ciki, wanda ake gani kamar farin zane ya ratsa sama, tana haifar abin da bai wuce nauyin Rana ɗaya zuwa biyu ba a shekara. Zuckerman da Evans sun nuna tun 1974 cewa da gajimaren suna ruftawa ba tare da wani abu ya tare su ba, da haihuwar ta fi haka nesa ba kusa ba. Lissafin yau yana cewa wajen ninki ɗari. Me ke riƙe su? Guguwar da ke cikin gas ɗin ce, ko maganaɗisu, ko kuwa manyan taurarin da aka fara haifa ne ke tarwatsa gidan kafin ƙannensu su zo? A kan wannan ake ta rubutu.

To amma duk mai son tsoma baki, dole ya fara da awo: wannan majarrar, taurari nawa take haifa a shekara? Ba wanda zai iya ƙirga su, sun yi nisa, ƙananan ma ba a ganinsu sam. A nan sunaye biyu suke shigowa.

Na farko Edwin Salpeter. A 1955 ya buga maƙala mai shafi bakwai kacal, wadda ya rubuta yana Ostareliya, inda ya nuna cewa idan ana haihuwar taurari, ƙanana sun fi yawa, manya kaɗan ne, kuma raguwar tana bin ƙa'ida: ka ninka nauyi sau biyu, yawan ya ragu kusan sau biyar. Na biyu Robert Kennicutt, Ba'amurke, wanda tun farkon shekarun 1980 yake auna wani jan haske da haidirojin ke fitarwa idan zafafan manyan taurari suka haska shi. Waɗannan manyan ba sa daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru ne su mutu, don haka duk inda aka ga jan hasken nan an san haihuwar ta kwanan nan ce. Kamar mutum ne ya hau dutse a Mina yana son ƙiyasin yawan alhazai, ba ya iya ganin mutane ɗaiɗai amma yana ganin manyan motoci. Idan ya san kowace babbar mota ɗaya tana tafe da masu ƙafa kaza, ya samu lissafinsa. Jan hasken shi ne motocin, ƙa'idar Salpeter ita ce ke faɗin masu ƙafa nawa ne ke bin kowace mota. A 1998 Kennicutt ya tattara wannan cikin wata maƙalar bita, ya ba da 'yan lambobi: ka auna haske kaza, ka ninka da kaza, ka samu nauyin taurarin da ake haifa a shekara.

A shekarar dai ya sake buga wata. Maarten Schmidt ya kawo shawara tun 1959 cewa saurin haihuwar taurari yana bin kaurin gas. Kennicutt ya ɗauki majarra 97, guda 61 na yau da kullum da 36 masu haihuwa kamar ana korarsu, ya nuna duk suna kan layi ɗaya: inda gas ya ninka kauri sau biyu, haihuwa tana ninkawa sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Yau ana kiran wannan da sunan su biyun.

An ambaci kowace daga waɗannan maƙalu dubban sau, kuma dalilin a fili yake. Mudu ne. Kowa ya zo kasuwa da hatsinsa, na gonar kirki da na gonar banza, da mudu ɗaya za a auna, kuma ƙa'idar wannan kasuwar ita ce duk wanda ya yi awo sai ya faɗi sunan mai mudun. Ɗalibi a Indiya ya auna majarra uku, zai rubuta layi ɗaya cewa ya yi amfani da lambobin Kennicutt da rabon Salpeter. Tawagar da ta auna dubu ɗari ita ma layin nan ɗaya za ta rubuta. Ba ina rage darajar aikin ba ne. Sassaƙa mudun da kasuwa duka za ta yarda da shi shekara ashirin ba wasa ba ne, kuma Kennicutt ya yi wasu manyan ayyukan, har ya raba kyautar Gruber ta 2009 da Wendy Freedman da Jeremy Mould kan auna saurin faɗaɗar sararin samaniya. Abin da nake cewa shi ne adadin yana auna yawan masu buƙatar kayan aikinka. Zurfin tunani da ingancin sakamako wani lokaci suna tafiya tare da shi, wani lokaci kowa da hanyarsa.

Ga misali daga cikin gidan. Pavel Kroupa a 2001 da Gilles Chabrier a 2003 sun nuna cewa idan aka gangaro kan taurarin da ba su kai Rana nauyi ba, ba su kai yawan da layin Salpeter zai bayar ba in an ja shi har ƙasa. Laifin ba na Salpeter ba ne, shi bai auna can ƙasan ba, masu amfani da shi ne suka ja layin. Gyaran ya rage sakamakon awo da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma Kennicutt da kansa, tare da Neal Evans, ya sabunta lambobinsa a 2012. Shin ambaton Salpeter ya tsaya? Ko kusa. Yanzu ana ambatonsa don a ce an yi amfani da shi, ana kuma ambatonsa don a ce an juya lissafi daga nasa zuwa na Chabrier. Haka Frank Bigiel da abokan aikinsa, da suka leƙa cikin majarra yanki-yanki a 2008 suka ga cewa idan gas mai sanyi kaɗai aka duba, ninki biyu na gas ninki biyu na haihuwa yake bayarwa, sai da suka ambaci maƙalar 1998 kafin su ce sun ga wani abu daban. Na'urar ƙirga ba ta san bambancin "na yarda da wane" da "wane ya yi kuskure" ba. Duka ɗaya take rubutawa.

Akwai ma wanda bai karanta ba. Simkin da Roychowdhury sun yi wata dabara a farkon shekarun 2000: suka bi kurakuran rubutu a cikin ambato, lambar shafi da aka rubuta ba daidai ba, suka ga kuskure iri ɗaya yana yawo daga maƙala zuwa maƙala, alamar ana kwafa daga jerin wani ba a koma asali ba. Ƙiyasinsu shi ne kusan mutum ɗaya cikin biyar ne yake karanta abin da ya ambata. Ana iya jayayya da adadin, amma duk wanda ya san yadda kuskuren mai kwafa ke bin littattafan hannu zuriya bayan zuriya zai gane hanyar.

Wani aikin kuma nasararsa ce take cinye ambatonsa. Kusan kowace maƙala a fannin nan tana maganar nauyin Jeans, amma ƙalilan ne ke komawa su ambaci rubutun 1902, kamar yadda ba wanda ke tambayar wa ya fara faɗin karin magana. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin wannan, shi ne kuma ya rubuta a 1968 cewa a kimiyya wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa yabo ko da aikin na tarayya ne. Mu da muka ce mai shi ake ƙara wa ba mu buƙaci bincike ba.

Yaron ya nuna mini wata lamba a gefe, ma'aunin h. Jorge Hirsch, masanin fiziya a San Diego, ya ƙirƙiro shi a 2005. Idan h ɗinka 20 ne, kana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Hikimarsa ita ce maƙala ɗaya mai farin jini ba za ta ɗaga ka ba, tarin shara ma ba zai ɗaga ka ba. Hirsch ya ƙiyasta cewa a fiziya 12 ya yi daidai da mai neman tabbata a kujerar koyarwa, 18 da cikakken farfesa. Amma ka ɗauki mutum mai maƙala goma da kowacce ta juya fanni, h ɗinsa ba zai wuce 10 ba har abada, alhali mai maƙala arba'in matsakaita zai iya kai 40. Kuma lambar ba ta sauka, ko mutum ya daina bincike shekara goma tana nan, tana ma iya ƙaruwa. Kwatanta ɗan shekara sittin da 'yar shekara talatin da takwas da ita, kamar gwada tsawon rimi da na dashen bara ne.

Sai batun taron marubuta. Na'urorin yau ba na mutum ɗaya ba ne. ALMA, a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, faranti 66 ne a tudu mai tsayin mita 5,000, kuma hoton da ta ɗauka a 2014 na faifan ƙura mai zobba kewaye da jaririn tauraro HL Tau ya fito a maƙala mai gomman sunaye. A fiziya an buga wata a 2015 mai marubuta 5,154. Kowane suna a jerin yana samun ambaton cikakke, da wanda ya tsara aikin da wanda ya halarci taro biyu. Shi ya sa masana taurari suke duba sunan farko, kuma ADS yana da wurin da zai raba ambato bisa yawan marubuta. Mutane kaɗan ne ke latsa wurin. Girman unguwa ma yana shiga: masu nazarin majarra masu nisa sun fi masu nazarin maganaɗisun gajimare guda yawa sosai, kuma mai shago a bakin Harami ba gwanintarsa kaɗai ke kawo masa ciniki ba.

Mu mazauna ƙasar nan mun ga abin da ke faruwa idan adadi ya zama abin saye. Jerin jami'o'in duniya na Shanghai yana ba da kashi 20 cikin ɗari na makinsa ga yawan malaman jami'a da ke cikin jerin waɗanda aka fi ambato. A Disambar 2011 mujallar Science ta ba da labarin cewa Robert Kirshner, masanin taurari a Harvard, ya samu tayin dala 72,000 a shekara daga Jami'ar Sarki Abdul'aziz, bisa ya riƙa zuwa mako ɗaya ko biyu a shekara, ya kula da wata tawagar bincike, ya kuma ƙara sunan jami'ar a jikin sunansa a wancan jerin na waɗanda aka fi ambato. Da farko ya ɗauka damfara ce. Masana sama da 60 sun karɓi irin wannan kwangila, kuma jami'ar da wasu daga cikinsu sun ce haɗin gwiwa ne na gaskiya. A 2023 jaridar El País ta Sifaniya ta sake tono maganar, wannan karon kan masanan da suka rubuta jami'o'in Saudiyya a matsayin wurin aikinsu na farko alhali albashinsu a Turai yake. Kamfanin Clarivate mai fitar da jerin waɗanda aka fi ambato ya tsaurara tacewa, adadin na Saudiyya ya sauko daga 109 a 2022 zuwa 76 a 2023. Ra'ayina shi ne kuɗin da aka kashe a ɗakunan gwaji na gaske, irin na jami'ar da aka buɗe a Suwal a 2009, da tura yara karatu, ya fi barin abin da za a taɓa da hannu. Yaron nan da ke gabana, ranar da Rayyana Barnawi, 'yar sama-jannatin Saudiyya, ta tashi zuwa tashar sararin samaniya a Mayun 2023 bai yi barci ba, yana ta nanata wa uwarsa cewa sunan nan fa daga Barno yake. Ba jerin Shanghai ne ya hana shi barci ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda masanan da kansu suke yi idan aka zo rabon abin da ya fi tsada a wurinsu, wato lokacin amfani da manyan madubai na hangen taurari. Buƙatu suna ninka lokacin da ake da shi sau da yawa. Daga 2018 masu kula da madubin Hubble suka fara ɓoye sunayen masu nema, alƙalai su karanta shawarar bincike ba tare da sanin ko ta farfesa ce ko ta ɗalibi ba. A zagayen farko na wannan tsari rinjayen da maza suka daɗe suna yi wa mata wajen samun amincewa ya ɓace, kuma a shekarun da suka biyo baya sababbin sunaye sun ƙaru. ALMA da madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, duk sun bi wannan hanya. Mutanen da suka fi kowa mallakar rumbun ƙirga ambato, da aka zo kan abin da ba sa son a yi asararsa, sai suka rufe sunan da adadin gaba ɗaya.

Muka buɗe ADS a kwamfutata, na ce ya ware maƙalun da kowannensu yake sunan farko, ya duba na shekara biyar ɗin nan, sannan ya nemo waɗanda ɗalibansu suka jagoranta. Abin bai fito a miƙe yadda ni ma na zata ba. Yawancin ambaton namijin daga manyan ayyukan tarayya ne masu ɗaruruwan sunaye, amma ɗalibansa suna fitar da maƙalu da sunansu a gaba, kuma yana da hanyar samun bayanan James Webb. Macen a ƙaramar unguwa take, maganaɗisu a cikin siraran zaren gas da madubin Herschel ya nuna gajimare cike suke da su, kuma kusan duk wanda ya ambace ta jayayya yake da ita ko gini yake a kan aikinta, ba layi ɗaya na cika ƙa'ida ba.

"To Kawu, wanne ke nan?"

"Rubuta musu duka, ɗana. Ka tambayi kowa wane aiki zai sa ka, da bayanan wace na'ura, kuma sau nawa yake zama da ɗalibansa a wata."

Ya rubuta. Namijin bai amsa ba tukuna. Macen ta turo masa maƙala uku ta ce ya karanta ya faɗa mata inda bai gamsu ba. Ɗaya daga ciki ta Richard Larson ce ta 1981, wadda ta nuna cewa gwargwadon girman gajimare gwargwadon ƙarfin guguwar cikinsa. Jiya uwarsa ta kira ni tana tambayar me na ba yaron, tun Talata yana ɗaki da takardu, abinci ma sai an kai masa.